Asabar, da biyuret mai ƙagaggen famfo

Mu 'yan ajin ƙarshe babu mu babu hutun ƙarshen mako tun da jadawalin WAEC ya fito. Bakwai da rabi ina bakin titi ina tsayar da adaidaita sahu, ƙosai a leda, Umma tana ƙwala mini kira daga zaure wai in dawo in ɗauki farar rigar ɗakin gwaji. Auta ce ta yi wasan asibiti da ita jiya, a bayan katifa aka tsinto ta duk ta yamutse. Haka na sa abata.

Da murnata na tafi, domin yau ce aka ce kowacce za ta riƙe biyuret, doguwar siririyar kwalbar awo mai ɗan famfo a ƙasa, da hannunta. Kun san tun yaushe nake mitar wannan. Kemistri a WAEC takarda uku ce: ta zaɓi mai tambaya 50 cikin awa ɗaya, ta rubutu mai maki 100 cikin awa biyu, sai firaktikal mai maki 50, shi ma awa biyu. Biyun farko idan mutum ya zauna da littafi da tsofaffin tambayoyi zai iya da su. Ta ukun ba ruwanta da hadda, hannu take so da ido. Mu kuwa duk titireshan ɗin da muka yi tun aji biyu, wato ɗiga asid a wani ruwa har launi ya canja don a auna ƙarfinsa, a kan allo aka yi shi. Malam ya zana kwalba da alli, ya ce a nan launi zai canja, mu ce to.

Biyuret masu lafiya ba su kai yawanmu ba ko kusa, sai aka raba mu rukuni-rukuni. A sama, cikin biyuret, asid ne, HCl. A ƙasa ruwan Na₂CO₃, kabonet ɗin sodiyam, da Malam ya haɗa, giram 5.3 a lita guda, wato mol 0.05 a lita ke nan tunda nauyin mol ɗinsa 106 ne. A zuƙo mililita 25 da fifet, siririn bututun awo, a juye a kwalba mai tsukakken wuya, a ɗiga metil oranj, ruwan da ke canja launi, sau biyu ko uku, ruwan ya zama ruwan ɗorawa. Daga nan a riƙa sakin asid ana jujjuya kwalbar har ya koma ruwan goro. In ya yi ja an zarce, sai a zubar a sake. Malam ya maimaita dokokinsa: biyuret a ɗauraye shi da asid, fifet da ruwan da za a zuƙa, kwalbar kuwa tataccen ruwa kawai. A cire mazurari kafin a karanta. Ido ya daidaita da ƙasan lanƙwasar ruwan. A rubuta lamba biyu bayan ɗigo. Lambobin da za a ɗauki matsakaicinsu kuma kada tazararsu ta wuce 0.20. Ko cikin barci aka tashe ni zan kawo su a jere.

Mu ne na ƙarshe da kaya suka iso wa, kuma wanda ya faɗo mana ɗan famfonsa a ƙage yake. In kin murɗa a hankali ba ya motsi, in kin ƙara ƙarfi sai ya buɗe gaba ɗaya. Na farko dama na lalube ne, ban damu ba. A na gaba na kai daidai inda ɗigo ɗaya ake nema. Ina ganin jan yana bayyana a inda asid ya faɗa, in na juya kwalbar ya ɓace, ya sake bayyana, ya ɗan jima kafin ya ɓace. Na riƙe numfashi, na taɓa famfon da yatsa biyu, ya ƙi. Na ƙara kaɗan, sai shaaa. Ja wur. Ummi ta karɓa, ita ma haka ya yi mata. Abin da idona ya gani shi na rubuta: 24.60, 25.30, 24.90. Munanan lambobi ne, amma su biyuret ɗin ya ba ni.

Teburin su Monita yana manne da namu, ba labari aka ba ni ba. Sau ɗaya suka yi, suka sami 24.50, suka ajiye kwalba suka hau hirar anko. Da aka ce saura minti biyar sai ta ja takarda ta cike layukan. Daga 0.00 zuwa 24.50. Daga 24.50 zuwa 49.00. Ta sake komawa 0.00 zuwa 24.50. Har da ja layi da rula, rubutu tsaf.

Malam ya zo zagaye. Ya ɗaga takardarta sama ya ce, "Ku ga aiki! Wannan ita ce A1." Ya iso kaina, ya dubi takardata ta saman tabarau, ya dube ni, ya ce, "Dakta, da wannan hannun za ki yi wa bayin Allah allura? Ai kya yi ta laluben jijiya har marar lafiya ya gaji ya warke da kansa."

Aji ya kwashe da dariya, har da waɗanda ko kusa da biyuret ba su je ba.

Na ce, "Malam, wallahi famfon ne."

Ya ce, "Famfo kuma? To ranar jarrabawa sai ki rubuta wa mai duba takarda cewa famfo ne." Ya wuce teburi na gaba.

Bai taɓa famfon ba. Wannan ne ya tsaya mini a rai. Biyuret ɗin yana gabansa, hannu kawai zai miƙa ya murɗa, da ya ji abin da na ji. Ba dariyar ce ta fi ci mini rai ba, an sha yi mini. Kuma Malam ba mugu ba ne, kowa ya san waɗanda yake ji da su yake tsokana, shi ne ma ya fara ce mini Dakta tun muna aji ɗaya har sunan ya bi ni gida. Asabar ɗin nan da yake zuwa ba wanda ya tilasta masa. Amma mutumin da ya shekara yana ce mana kimiyya ita ce ka rubuta abin da ka gani, yau ya ɗaga takardar da aka tsara da rula, ya yi wa tawa ba'a. Shekarunsa nawa yana wannan aikin? Bai san cewa hannun da yau ya fara riƙe biyuret da wuya ya kawo lamba ɗaya sak har sau uku ba? Ko ya sani, ya ga gara mu koyi abin da zai fisshe mu?

A adaidaita muna dawowa Ummi ta ce, "Ke ma kin cika taurin kai. Ki ɗauki guda ɗaya mai kyau, ki jera mata 'yan'uwa kusa da ita. Wa zai sani?" Na yi shiru ina kallon masu sayar da mangwaro. Ta ce fushi nake da ita, na ce a'a, zafi ne.

Gida kuma na tarar da Goggo ta zo, ta cika tsakar gida da robobi, zoɓon sunan gobe take haɗawa. Ganin jan ruwan nan a baho ya sa wani abu ya faɗo mini. Na ɗebi kaɗan a kofi biyu tun kafin ta sa sukari. Ɗaya na matsa masa lemon tsami, jan ya ƙara haske. Ɗayan na zuba masa ruwan kanwa, nan take ya yi duhu ya koma kore-kore. Auta ta zare ido ta ruga tana "Umma, Yaya ta iya siddabaru!" Na kira ta ta dawo, na ba ta lemon ta riƙa matsawa a kofin kanwar ɗigo-ɗigo. Ya fara 'yar kumfa, iskar CO₂ ke nan tana fita, a hankali jan ya dawo. Kanwa dai dangin abin da ke cikin kwalbata ne da safe, ita ma kabonet ɗin sodiyam ke cikinta, launin zoɓo kuma yana bin tsami da rashinsa. Na tsaya ina yi wa Goggo wannan bayanin da ƙwazo, ta ce, "Au, wannan ne karatun da ake biya wa kuɗi? Mu ai tun muna 'yan mata muka san kanwa ke kashe tsamin yakuwa. Tashi ki daina yi mini ɓarnar zoɓo." Umma har da riƙe ciki. Ni ma na yi dariya sosai, na ɗauka abin safe ya wuce.

Barcin rana bai yiwu ba. Babu wuta, ɗaki ya ɗau zafi. Wanki. La'asar.

Bayan magariba Yaya ya dawo, na same shi a ƙofar ɗakinsa yana cin tuwo, na kwashe labari duka na ba shi. Da na zo kan maganar allura sai da ya ƙware don dariya. Na ce, "Yaya, kai ma?" Ya sha ruwa ya ce in yi haƙuri, amma Malam ya iya magana.

Sannan ya gyara zama. Ya ce ranar jarrabawa malamin makaranta shi ma yana yin nasa titireshan da ruwan da aka ba ɗalibai, a haɗa lambarsa da takardunmu a tura, mai dubawa kuma da ita zai auna tamu. Ana ba da maki a kan kusancin lambarki da ta malami, ana bayarwa a kan lambobinki su yi kusa da juna, sauran kuma lissafi ne da rubuta ma'auni. Ya ce, "Babu layin da aka ware wa gaskiya a takardar maki, ƙanwata."

Na ce to ke nan Monita ce ta yi daidai.

Ya ce a'a, ita ma ba ta iya ba. Wai masu wayo ba sa jera lamba ɗaya sau uku, sukan bar tazarar 0.10 a tsakani don abin ya yi kama da na gaske. Na tsaya ina kallonsa. Na kawo ƙara, an buɗe mini sabon darasi a kan yadda ake gyara ƙarya ta zauna da kyau.

Ya ga fuskata ta canja, sai ya sauko. Ya ce in famfon na gilashi ne ɗan basilin kaɗan ake shafa masa a gefe-gefe, ban da kan hudar, zai riƙa juyawa lafiya. Ranar jarrabawa kuma kafin in zuba asid in fara gwada shi da ruwa, in ga ko yana yoyo ko ya ƙage, in akwai matsala in ɗaga hannu tun da wuri a canja mini, kada in bari sai lokaci ya tafi. In tabbata babu kumfar iska a bakin biyuret. In sa farar takarda a ƙarƙashin kwalbar don in ga launi sosai. Hannun hagu a famfo, na dama yana juya kwalba. Waɗannan na rubuta su a bayan littafina, na gode masa.

Amma tambayar tana nan. In ranar ta zo, agogo yana gudu, lambobina suka warwatse kamar na yau, me zan yi? A nan zaune, da sauƙi in ce zan rubuta abin da na gani. Ranar kuwa maki 50 ne a gabana. Likitanci ba ya karɓar ƙasa da kiredit a kemistri, kuma kowa ya san masu neman gurbin a BUK da ABU sun fi kujerun yawa nesa ba kusa ba. Abba ya biya kuɗin WAEC, ya biya na NECO, ya biya na JAMB, bai taɓa cewa komai ba, sai dai in ya gan ni da littafi ya ce Allah ya yi albarka. Ban san ko zan iya kallon 25.30 in bar ta a wurin ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne da safe wannan tunanin bai taɓa zuwa mini ba, yanzu kuma har na san tazarar da ake bari.

Kuma Dakta ɗin nan. Da daɗi nake jin sa. Ɗazu Auta ta leƙo ta ce "Dakta, Umma na kira", na daka mata tsawa ba gaira ba dalili, ta tafi tana kumbure-kumbure.

Bayan isha na kunna fitilar sola na koma kan gwajin gishiri, wato gano sinadarin da ke cikin abu ta launin da ya bayar, tunda shi ma yana cikin takarda ta uku. Masu launi ba sa ba ni wahala: in aka zuba NaOH, Fe²⁺ kore mai dauɗa, Fe³⁺ launin tsatsa, Cu²⁺ shuɗi, in aka cika masa amoniya kuma ya narke ya zama shuɗi mai duhu. Fararen nan uku ne ke rikita mutane, Zn²⁺ da Pb²⁺ da Al³⁺, duka farin gari suke kwantarwa, duka kuma su narke in NaOH ya yi yawa. Amoniya ce ke ware zink, shi kaɗai ke narkewa a cikinta. Dalma kuma, wato Pb²⁺, sinadarin KI ke tona masa asiri, ya fito ruwan ɗorawa. Duk wannan a takarda na san shi. Launin tsatsar ma a hoton waya na taɓa ganinsa.

Ummi ta turo saƙo wai in turo mata lissafin yau. Da 24.60 na yi, ƙarfin asid ɗin ya fito 0.102. Ta ce ita da lambar Monita ta yi, ita ma 0.102 ta samu, har da ɗan hoton dariya. Ban ba ta amsa ba.

Litinin an ce kowacce ta zo da ashana da tsumma, za mu yi gwajin gishirin a ɗakin gwaji. Zan sa ƙaramar kwalbar basilin ɗin Umma a jaka, in aka bar mu muka kusanci kabad ɗin biyuret. Gobe kuma gidan suna tun safe, Goggo ta ce ni ce mai ɗaure zoɓo a leda, kuma cajin wayata ya kusa ƙarewa.