Funfunar Jan Kogi

Da sassafe muka bar birnin Sabiya a mota, tafiyar sa'a ɗaya da 'yan kai, sai ga mu a garin Minas de Riotinto da ke lardin Welba, kudu maso yammacin Sifen. Tun kafin Rumawa ake haƙar ma'adinai a nan, a 1873 kuma wani kamfanin Turawan Ingila ya sayi mahaƙar. Tsohon layin dogon da ya yi jigilar ma'adinan muka bi a jirgin 'yan yawon buɗe ido, har bakin kogin Riyo Tinto.

Ruwan ja jawur, wani wurin har ya koma baƙi-baƙi, duwatsun gefe kuwa tsatsa ta rine su rawaya. A ma'aunin tsami na pH bai fi 2 da ɗoriya ba, kusan tsamin lemon tsami ke nan, ga baƙin ƙarfe da jan ƙarfe narke a ciki. Bakteriya ce ke cin dutsen ma'adinin, tana sakin asid. Kifi ko na magani babu.

Ni dai funfuna ta kawo ni. Na tsuguna na tsura wa wani dutse ido, sai ga zare-zare mai yauƙi manne da shi, ruwa na kaɗa shi. Irin wannan shimfiɗa haɗaka ce ta gansakuka da bakteriya da funfuna, a kogin kuwa an samu dangin Penicillium da Aspergillus da su yis. Yadda suke rayuwa cikin wannan tsami shi ya ɗaure mini kai. A fatar kowane tantani, wato ƙwayar halitta, akwai 'yan famfuna da ke watso tsamin waje ba dare ba rana, don cikin ya zauna salamalam. Aiki ne mai cin ƙarfi, amma tsayawa mutuwa ce. Ƙarfen kuma bangon tantanin ke cafke shi tun a ƙofa, musamman a baƙar funfuna mai melanin, sinadarin da ke ba ta baƙin launi. Wanda ya kutsa ciki sai wasu sinadarai su ɗaure shi, a jefa shi wata 'yar jaka a rufe.

Tunda rai na jure irin wannan wuri, ba mamaki da masanan NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, suka zo suka haƙa rami a yankin nan suna gwajin neman rai a duniyar Mas.

Jirgi ya yi kuka, na miƙe a gurguje, ashe bakin wandona ya taɓa ruwan. Wanki uku na yi masa, jan yana nan daram.