Sana'armu Ɓoye Dodo

Mu huɗu ne a ofishin: ni, da mai zane ɗaya, da wata matashiya da ke kula da haruffa da tsara rubutu, sai yaron da ke kai-komo tsakaninmu da maɗaba'a. Fostar fim muke yi. Mukan yi ta soyayya, mukan yi ta barkwanci, amma wadda ta fi kawo mana abinci, ta kuma fi jawo mana ce-ce-ku-ce, ita ce ta finafinan ban tsoro. Rigimar kusan kullum guda ce, kuma da furodusa ake yin ta.

Mutum ya zuba kuɗi an ƙera masa dodo. An yi kwanaki ana liƙa wa ɗan wasa fatar roba, an sa masa haƙora zaƙo-zaƙo, an shafe shi da jinin ƙarya. To, ka ce da shi kada wannan dodon ya fito a fosta, ka ga yadda fuskarsa za ta sauya. Akwai wani furodusa dattijo da na kai wa zanen farko: ƙofa ce a buɗe kaɗan, duhu a bayanta, sai yatsu huɗu riƙe da gefenta, a wani tsayin da hannun mutum ba ya kaiwa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, ina aljanar? Kai ka san abin da ta ci mini?" Na ce, "Ranka ya daɗe, tana bayan ƙofa. Wanda yake son ganinta ya yanki tikiti." Ya yi dariya, amma bai sauka ba. Sai da muka buga biyu, tawa da tasa, muka manna a bango muka ja da baya. Tasa tana da aljana ƙiri-ƙiri, gashi a wargaje, baki a hangame, kuma daga nesa ta fi kama da mai ciwon haƙori. Shi da kansa ya faɗi haka, ba ni ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Hoton da ke tsaye ba ya da sauti, ba ya da motsi, ba ya iya zaburar da mutum. Dodon da ya razana ka a cikin fim, ya razana ka ne saboda kiɗa da shiru da fitowar ba-zata. Ka cire waɗannan ka bar shi a kan takarda, mai kallo ya ƙare masa kallo a tsanake, sai ya ga roba ce. Abin da takarda take iyawa shi ne ta sa mutum ya ƙera nasa dodon a zuciyarsa, kuma babu mai kwalliyar da ya kai zuciya iya ƙera abin tsoro.

Duk wanda ya shigo koyon aiki wurina, nakan zaunar da shi gaban tsofaffin fostoci kafin ya taɓa kwamfuta. Ta Alien, fim ɗin 1979, ƙwai ne kawai a tsakiyar baƙin fili, ya tsage, wani koren haske na tsiyayowa. Ƙwan kaza ne ma aka ɗauka, bai yi kama da ƙwayayen da ke cikin fim ɗin ba, kuma babu wanda ya kai ƙara. Ta The Exorcist, na 1973, wadda Bill Gold ya tsara, ba ta nuna yarinyar da aljani ya shiga ba ko kaɗan. Wani mutum ne da hula da jaka a hannu, tsaye a ƙofar gida da dare, haske na sauko masa daga tagar bene. Kana ganinsa ka san an kira shi ne don wani abu da ke cikin ɗakin can, ka kuma san bai shiga ba tukuna. Wannan "tukuna" ɗin shi ne hajar da muke sayarwa. Drew Struzan ya zana ta The Thing, na 1982, cikin dare ɗaya, ba tare da an ba shi hotunan fim ɗin ba: mutum cikin rigar sanyi, haske ya fashe daga inda fuska ya kamata ta kasance. Rashin sanin kamannin dodon ne ya tilasta masa ɓoye shi, sai ga shi ɓoyewar ta zama abin da ake tunawa.

Masu gardama da ni sukan kawo Jaws, na 1975, su ce ai ga dodo nan a fili. Gaskiya ne, Roger Kastel ya zana kifin shak ɗin ƙato, baki a buɗe, yana tasowa daga ƙarƙashin ruwa. Amma a sake dubawa. A can sama akwai mace 'yar mitsitsiya tana iyo hankali kwance. Mu mun ga kifin, ita ba ta gan shi ba. Tsoron yana cikin tazarar da ke tsakanin bakin kifin da cikinta, da kuma cewa ba mu da halin yi mata ihu. Can ma an ɓoye wani abu, sai dai ita aka ɓoye wa.

Yadda aikin ke tafiya a wurinmu ba shi da wani ƙawa. Ana aiko mana rubutaccen labarin, ko fim ɗin da ba a gama tacewa ba, da tarin hotunan da aka ɗauka a wurin aiki. Yawancin hotunan ba sa amfanuwa, don mai ɗaukar yana neman fuskar jaruma ta fito da kyau ne, mu kuwa inuwa muke nema. Nakan karanta labarin ina farautar abu ɗaya da za a iya riƙewa a hannu: mabuɗi, madubi, takalmin yaro, kujerar da ba kowa a kai. Daga nan sai fensir. Mukan yi ƙananan zanuka ashirin ko talatin, kowanne bai wuce kwalin ashana ba. Wanda bai yi magana a wannan girman ba, ba zai yi ba ko an shimfiɗa shi a inci 27 da 40, wato ma'aunin fostar sinima da aka saba da shi a Amurka.

Kayan yara sun fi komai yi mana aiki, kuma na daɗe ina tunanin dalili. Ta Rosemary's Baby, na 1968, keken jariri ne baƙi a kan tudu, bayansa fuskar jarumar fim ɗin, Mia Farrow, cikin wani kore mai kama da na abin da ya lalace. Ta It, na 2017, jan balan-balan ne da yaro cikin rigar ruwa rawaya. Wuƙa abin tsoro ce tun asali, ganinta ba ya ba kowa mamaki. Balan-balan kuwa abin murna ne, idan ka same shi inda babu biki, hankalinka ba zai kwanta ba sai ka san wa ke riƙe da zaren. Haka fuska take. Ba ma yi mata kaca-kaca. Mukan ɗan nisanta ido ɗaya da ɗan'uwansa, ko mu ja murmushi ya zarce iyakarsa kaɗan, ko mu goge ɗigon hasken nan da ke cikin ƙwayar ido, wanda rashinsa ke sa mai rai ya koma kamar gawa. Wani masanin mutum-mutumi ɗan Japan, Masahiro Mori, ya yi bayanin wannan tun 1970: abin da ya kusa zama mutum amma bai ƙarasa ba, ya fi tayar da tsigar jiki a kan abin da bai yi kama da mutum ba sam. Mu a ofis ba ma kiran sunansa, cewa muke yi "a ɗan karkata shi".

Sai maganar baƙi, wadda ita ce ta fi ba ni wahala a duk sana'ar. Mai kallo yana zaton baƙi babu komai ne, wurin da mai zane ya huta. Ba haka ba ne. A fuskar kwamfuta launi haske ne, don haka baƙi yakan fito da zurfi, kuma duk wata inuwa da ka ɓoye a cikinsa ana ganinta. A takarda kuwa tawada ce huɗu: shuɗi, da ja mai ruwan hoda, da rawaya, da baƙi. Idan ka buga baƙar tawada ita kaɗai a fili mai faɗi, toka-toka za ta fito, kamar tsohuwar riga da ta sha wanki. Sai an shimfiɗa mata sauran ukun a ƙarƙashi, misali shuɗi 60, ja 40, rawaya 40, baƙi 100. Idan kuma ka yi zari ka cika su, jimillar ta haura 300, takarda ta jiƙe, ta ƙi bushewa, ta shafi 'yar'uwarta.

Na koyi wannan da kuɗina. Farkon buɗe ofis, mun yi wata fosta: ɗaki ne mai duhu, yarinya zaune a bakin gado, a kusurwa kuma wata doguwar siffa tsaye, wadda ba ka ganinta sai a kallo na biyu. Duk fostar a kan wannan kallo na biyun ta dogara. Don sauri, ban nemi bugun gwaji ba, na ce a buga duka. Da aka kawo, siffar ta nutse cikin baƙi, babu ita babu dalilinta. Abin da ya rage yarinya ce zaune a ɗakin da aka ɗauke wuta. Laifin nawa ne, ba na mai injin ba, shi abin da na ba shi ya buga. Na biya bugu na biyu daga aljihuna. Tun daga ranar ba na sa hannu sai na ga gwaji a kan ainihin takardar da za a yi aiki da ita, na fita da shi rana, na kuma duba shi a ƙarƙashin fitila, domin fosta tana rayuwa a duka biyun.

Ja ma yana da nasa halin. Ja a kan baƙi ya zama kamar rigar makaranta ga irin waɗannan finafinai, kuma yana aiki, shi ya sa kowa ke yi. Sai dai jan rubutu a kan baƙi yana da wuyar karantawa daga nesa, ga shi yakan dushe a bugu ya koma kamar ƙasa. Idan kuma fostoci goma a jere duk baƙi da ja ne, wadda ta fita daban ita ido zai kama. Saul Bass ya yi wa The Shining, na 1980, fosta rawaya shar, da wata fuska mai zare ido tana leƙowa daga cikin haruffan sunan. Kafin a kai nan daraktan fim ɗin, Stanley Kubrick, ya mayar masa da zanuka da dama, da gyare-gyare a rubuce. Nakan tuna wannan duk ranar da aka dawo mini da aiki karo na biyar, ya ɗan sanyaya mini rai.

Haruffa ba zan daɗe a kansu ba. Rubutu mai ɗigar jini na daina yi, ko an roƙe ni, don yanzu dariya yake ba mutane. Sunan Psycho, na 1960, haruffa ne masu kauri da aka yage su gida biyu, aikin Tony Palladino, kuma yagewar nan ta faɗi halin mutumin da fim ɗin ke magana a kai ba tare da ɗigon jini ba. Abin da ke cin ran abokiyar aikina shi ne jerin sunayen nan sirara da ke ƙasa. Yarjejeniyar 'yan wasa takan ƙayyade wa zai zo farko, da girman sunansa idan aka gwada da sunan fim, wani lokaci har da girman fuskarsa. Ka tsara fili fayau don shiru ya yi aikinsa, sai takardar lauya ta zo ta ce a sa kawuna uku.

Akwai kuma iyakar da ba mu muka shata ba. Fim, wanda ya zaɓa shi ke shiga ya kalla. Fosta kuwa tana bakin hanya, yaro da tsohuwa duk za su gan ta ba da son ransu ba. A Amurka ƙungiyar manyan kamfanonin fim ce ke tantance tallace-tallace, kuma a 2005 ta ƙi amincewa da fostar Saw II mai ɗauke da yankakkun yatsu biyu, sai da aka sake ta. Ni ban taɓa jin haushin irin wannan ƙa'ida ba. Sau da yawa ita ce ke taya ni cin gardama da furodusa.

Abin da ya sauya mana aiki a 'yan shekarun nan shi ne waya. Yawancin masu ganin aikinmu yanzu a ɗan akwatin da bai wuce babban yatsa ba suke ganinsa, suna jan allo da sauri. Netflix ma ba hoto ɗaya yake nuna wa kowa ba, yakan sauya wa fim ɗaya hoto gwargwadon abin da mutum ya saba kallo. Don haka aikin da a da guda ne, yanzu sai mu miƙa shi a tsaye, a kwance, a murabba'i, wani da fuska, wani babu. Dabarar kallo na biyu, wadda na fi ƙauna, ba ta rayuwa a wannan girman. Siffar da ke laɓe a kusurwa takan koma ɗigon datti. A nan dole a matso kusa: ido ɗaya, hannu ɗaya, launi ɗaya mai ƙarfi.

Yanzu haka muna kan wani aiki, labarin wata tsohuwar rijiya ce a bayan gida. Mun yi ta juya shi har muka tsaya a kan guga: igiya ta miƙe tsam kamar ana ja daga ƙasa, alhali ba kowa a bakin rijiyar. Jiya aka kawo bugun gwaji. Na manna shi a ƙarshen baranda, na kira yaron aike ban ce masa komai ba, na ce ya je ya ɗauko mini fayil a ɗakin can. Ya wuce fostar, ya yi taku biyu, ya dawo ya tsaya. Ya ce, "Oga, wa ke jan igiyar?" Na ce ya je ya kawo fayil ɗin. Cikin rijiyar dai bai yi zurfin da nake so ba, baƙin ya ɗan yi ja, sai an ƙara masa shuɗi kafin a buga duka.