Shawarata ga masu gadon makirfona a Marwa

Ƙarshen watan nan zan ajiye aiki a sashen Hausa na gidan rediyonmu da ke Marwa, arewacin Kamaru, kuma yaran da za su gaje ni sun matsa in bar musu shawara. To sai sun haƙura da labarin 2015, don a shekarar na koyi yawancin abin da na sani.

Duk ɗan Marwa ya tuna daminar nan. A watan Yuni bama-bamai suka tashi a Injamena, Chadi ta haramta niƙabi. A Yuli aka kai harin Fotokol, garin da ke iyakarmu da Nijeriya, gwamnan jiharmu ta Arewa Mai Nisa ya bi sahu. Mata suka rasa yadda za su yi, wayar gidan rediyo ba ta hutawa. Direkta da kansa ya ce a yi shiri a kai, ya sa hannu a takardar da jan bironsa a gabana.

Na gayyato wani dattijon malami na unguwarmu. Ya ce a Malikiyya, wadda ita muke bi a nan, mashhurin zance shi ne fuska da tafin hannu ba al'aura ba ne, don haka wadda ta cire saboda doka ba ta yi laifi ba. Ya ƙara da cewa bai dace jandarma namiji ya ɗaga wa matar aure mayafi a bakin kasuwa ba, a sa mata su yi binciken. Wata baiwar Allah ta kira daga Domayo tana kuka, ta ce tun da aka sa dokar ba ta leƙa ƙofar gida ba. Iyakar shirin ke nan.

Kafin magariba wasu samari sun baza cewa rediyo ta yi wa sunna izgili. Ofishin sufurefe, wato shugaban gunduma, kuma ya bugo, wai mun soki jami'an tsaro. Washegari a gaban kowa Direkta ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, wa ya ba ki izinin taɓa addini?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ai sa hannunka na kan takarda." Aka nemi takarda sama da ƙasa, babu. Aka dakatar da ni ba albashi, aka karanta neman afuwar al'ummar Musulmi a iska, da sunana a ciki. Wata shida ke nan da ƙona coci-coci a Damagaram da Yamai kan zanen ɓatanci ga Annabi da jaridar Faransa Charlie Hebdo ta buga. Direkta ya san abin da ake jawo wa mutum idan aka liƙa masa kalmar izgili ga addini. Wayar sufurefe kuwa ko ambatonta bai yi ba, don cewa "hukuma ta tsorata ni" abin kunya ne, cewa "na kare addini" kuma har tafi ake yi maka.

Tsoron dai na gaske ne. Dokar yaƙi da ta'addanci ta Disambar 2014 tana kai farar hula kotun soja. A 30 ga Yuli, a nan Marwa, aka kama Ahmed Abba na sashen Hausa na RFI, aka yanke masa shekara 10 a 2017 kafin a rage, ya fito a Disamba. Amma mu babu takardar da ta zo mana daga CNC, hukumar kula da kafafen watsa labarai, a Yawunde, babu sammaci. Da na dawo sai na tarar an daina karɓar kira kai tsaye, ana naɗa a tace. Boko Haram ta koma "mutanen nan". Malamai ba a tambayarsu komai sai falalar azumi da rabon gado. Babu wanda ya ba da umarnin ko ɗaya.

Saboda haka duk takardar da aka sa wa hannu, ku ɗauki hotonta da wayarku kafin ku shiga sutudiyo. Ku riƙe kwafin kowane shiri a gida. Baƙo ya faɗi fatawarsa da bakinsa, kada ku maimaita masa.

Malamin nan, Allah ya jiƙansa, shi ya miƙe a masallaci bayan la'asar ya ce maganar tasa ce, mai ja ya zo zaurensa da littafi. Ba wanda ya je. Direkta kuwa na ji ranar 3 ga Mayun da ta wuce shi ya yi jawabin buɗe taron 'yancin 'yan jarida.