Turawan Birtaniya a ƙauyukan Faransa: ƙwadago, aladen daji, da abin da ya shafe mu a nan Garwa

'Yan Birtaniya kusan 150,000 ne ke zaune a ƙasar Faransa, kuma abin da ya bambanta su da sauran baƙi shi ne wurin da da yawansu suka zaɓa su sauka. Mutanenmu na Kamaru da Chadi idan sun je can, Paris da Lyon da Marseille suke nufa, domin a nan ne aiki yake, a nan ne kuma ɗan'uwan da zai karɓe su yake. Su kuwa waɗannan sai suka doshi karkara, suka bazu a gundumomin Dordogne da Charente da Haute-Vienne da Creuse, da wasu sassan Bretagne da Normandie, wato ƙauyukan da 'ya'yan ƙasa suka watse suka bar wa tsofaffi. Gundumar Creuse a tsakiyar ƙarni na 19 tana da mutane fiye da 280,000, amma yau ba su kai 120,000 ba. Mazajenta magina ne, kowace shekara suna tafiya Paris da Lyon neman kuɗi su dawo gida da sanyi, har aka wayi gari masu tafiya suka daina dawowa. Mu da muka tashi muna ganin 'yan cin rani ba ma buƙatar dogon bayani a kan yadda hakan ke cinye gari.

Gidajen da aka bari ne suka ja hankalin Turawan Ingila. Kuɗin ƙaramin gida a kudancin ƙasarsu yana iya saya wa mutum tsohon gidan dutse a can, tare da rumbunsa da garkensa da fili mai faɗi. Buɗe hanyar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin teku a 1994, da jiragen sama masu arha da suka fara sauka a Bergerac da Limoges a farkon shekarun 2000, sun sa tafiyar ta zama ta 'yan sa'o'i. A garin Eymet na Dordogne sun yi yawa har suna da ƙungiyar wasan kurket, kuma duk wanda ya shiga kasuwar garin ta ranar Alhamis zai ji Ingilishi yana tashi daga kowace kusurwa.

Hutu suka je yi, amma da yawansu ƙwadago suka ƙare da shi, kuma wannan ne ɓangaren labarin da ya fi tsaya mini a rai. Tsohon gida yana cin kuɗi fiye da yadda mai saye yake zato: rufi yana yoyo, katako ya ruɓe, ramin bahaya bai cika ƙa'idar hukuma ba, ga itacen jin ɗumi da dole a tanada kafin sanyi. Sannan a ƙarshen 2008 darajar fam ta faɗi har ta kusa daidaita da yuro, alhali a tsakiyar 2007 fam ɗaya yana kawo kusan yuro ɗaya da rabi, don haka wanda ke rayuwa da fanshon da ake aiko masa daga gida ya ga abin hannunsa ya ragu ba tare da ya yi laifin komai ba. Wanda bai iya Faransanci sosai ba ba zai samu aikin ofis ba, kuma a ƙauyen da ko shagon burodi ya rufe babu ma ofishin da za a nema. Abin da ya rage shi ne ya sayar da ƙarfinsa ga 'yan ƙasarsa waɗanda suka fi shi hali.

Ɗan yayata ya yi karatu a Limoges, kuma a lokacin hutun bazara ya yi aiki tare da wasu ma'aurata 'yan Ingila da ke kula da gidajen mutane. Shi ya kwatanta mini yadda ranar Asabar take wuce musu, ranar da masu hayar gidajen hutu ke fita da safe wasu su shigo da yamma. Matar, wadda a ƙasarsu malamar makaranta ce, tana cire zannuwan gado, ta wanke banɗaki, ta goge murhu, ta ƙirga cokula da kofuna, mijin kuma yana waje yana yanke ciyawa da inji, yana tsamo ganye da matattun ƙwari daga kududdufin wanka, yana auna maganin ruwan. A motarsu akwai wani gwangwanin biskit cike da makullai, kowane an ɗaura masa ƙyalle mai launi dabam, domin ba sa rubuta sunan mai gida a jiki saboda tsoron ɓarayi. Da sanyi, lokacin da masu gidajen suka koma Ingila, su ne ke zagayawa su buɗe tagogi, su duba ko bututun ruwa ya fashe, su faskara itace, su ciyar da kyanwar wani. Ya ce mini: “Kawu, wallahi yadda ake samun aiki a can daidai yake da na Garwa, wane ne zai ce wa wane na san yaro mai amana, shi ke nan an gama magana.”

Ba duka wannan aikin ne ke kan takarda ba. Ana yi, a miƙa kuɗi hannu da hannu, ko kuma a yi musaya, wannan ya gyara wa wancan rufi, wancan ya ba shi itacen shekara. Dokar Faransa ba ta ɗaukar abin da sauƙi, domin ɓoye aiki ga hukuma laifi ne da hukuncinsa ke iya kai wa ɗaurin shekara 3 da tarar yuro 45,000, wato sama da sefa miliyan 29. Maginan Faransa da ke biyan haraji, suke kuma ɗauke da inshorar shekara 10 da doka ta wajabta a kan duk ginin da suka yi, suna da hujjar yin ƙorafi idan baƙo ya karya farashi saboda ba ya biyan ko ɗaya. Kuma wanda ya faɗo daga tsani yana aikin ɓoye, shi da mai gidan duka sun shiga uku.

Sai dai hukumar ba ta tsaya ga barazana kaɗai ba, ta buɗe ƙofa. Tun watan Janairun 2009 mutum yana iya yin rajistar ƙaramar sana'arsa ta intanet, a ba shi lamba, ya riƙa faɗin abin da ya samu duk wata ko duk wata uku, hukumar URSSAF mai karɓar kuɗin inshorar ma'aikata ta cire kasonta a kan abin da ya shigo kawai, idan bai samu komai ba kuma ba ya biyan wannan kason. Akwai kuma tsarin da ake kira CESU, wanda mai gida ke bi ya biya mai shara ko mai gyaran lambu bisa ƙa'ida, gwamnati ta mayar masa da rabin kuɗin ta hanyar haraji. 'Yan Birtaniya masu yawa ta waɗannan ƙofofin suka fito fili. A ƙasarmu kusan tara cikin goma na masu aiki ba su kan kowace takarda, daga ɗan acaɓa zuwa mai wanki da guga zuwa leburan da ke jiran jinga a bakin kasuwa, kuma sau da yawa ana magana a kansu kamar masu gudun doka. Ni ban yarda da haka ba. Mutum ba ya ƙin rajistar da za ta tsaya masa ranar ciwo da ranar tsufa, abin da yake gudu shi ne layi, da yawo daga wannan ofis zuwa wancan, da kuɗin da za a karɓa kafin ya samu ko sisi.

Ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, wadda aka kaɗa ƙuri'arta a watan Yunin 2016 ta kuma tabbata a ƙarshen Janairun 2020, ta ƙara ɗaure lamarin. Waɗanda ke zaune tun kafin ƙarshen 2020 sun nemi katin zama, masu gidan hutu kuwa ba su da ikon wuce kwana 90 cikin kowane 180 sai da biza, kuma ɗaruruwan da ke cikin majalisun ƙauyuka sun rasa damar sake tsayawa. Yanzu su ma baƙi ne masu bin takardu kamar ɗan Kusiri ko ɗan Njamena.

Dabbobin daji su ne suka fi raba tunanin baƙon da na ɗan gari. Baƙon yana murna idan ya ga barewa a bakin shingensa da asuba, ko tsattsewa ta yi sheƙa a garkensa, kuma doka ta hana a rushe wannan sheƙar. Tsuntsayen nan, in ba a manta ba, ƙasashenmu na kudu da Sahara suke zuwa idan sanyi ya kama Turai. Amma akwai waɗanda ba a yi maraba da su ba, kamar zirnaƙon Asiya da aka fara gani a Lot-et-Garonne a 2004, wanda ke hallaka ƙudan zuma, da wani babban ɓeran ruwa da aka kawo daga Kudancin Amurka saboda fatarsa, wanda ke rarake gaɓar tafki har ta zube. Babbansu shi ne aladen daji. A farkon shekarun 1970 abin da mafarautan Faransa ke kashewa a shekara bai kai 50,000 ba, yanzu kuwa yana kaiwa wajen 800,000, kuma duk da haka garke guda yana iya kwantar da gonar masara a dare ɗaya, ko ya tone lambun da mutum ya yi shekara yana gyarawa.

Daga watan Satumba zuwa ƙarshen Fabrairu, ranakun Asabar da Lahadi, mafarautan ƙauye kan fito da riguna masu launin lemo da karnuka, su jeru a bakin daji suna jiran abin da za a koro. Ɗan Ingila, wanda ƙasarsa ta haramta farautar yanyawa da karnuka tun 2005, yakan ga abin a matsayin rashin tausayi, kuma tsoronsa ba na banza ba ne, domin a watan Disamban 2020 a gundumar Lot wani mafarauci ya harbe wani matashi mai jinin Birtaniya da Faransa yana faskare kusa da gidansa, a zatonsa alade ne. Manomin da ke maƙwabtaka da shi kuwa gonarsa yake kallo. Na fahimci dukansu biyu, amma zuciyata tana wajen manomin, domin na ga abin da giwayen da ke fitowa daga gandun dajin Waza suke yi wa gonakin dawa a wajejen Mindif da Kaele, na ga masunta da masu lambu a bakin Binuwai suna kwana a tsaye saboda dorina, na kuma ga yara suna yini a gona da gwangwani suna korar jan baki daga masakwa.

Bambancin da ke tsakanin manomin can da namu shi ne diyya. Tun 1968 dokar Faransa ta karɓe wa manomi ikon yin kwanto ya harbe dabbar da ta shigo gonarsa, a madadin haka aka kafa tsarin biyansa, kuma a yau ƙungiyoyin mafarauta na kowace gunduma ne ke biya daga kuɗin da mambobinsu ke zubawa. Manomi ya kai ƙara, a turo mai kimantawa ya auna ɓarnar, a biya shi bisa farashin amfanin gonar. Baturen da aka tone wa furanni ba ya samun komai, domin tsarin na masu noma ne a matsayin sana'a, kuma a ganina hakan daidai ne. Namu manomin shi ma an hana shi taɓa giwa, kuma hanin yana da dalili, musamman ga wanda ya tuna kisan gillar da aka yi wa giwayen gandun dajin Bouba Ndjida a farkon 2012. Amma an karɓe masa makami ba a ba shi komai a madadinsa ba, sai dai a zo a duba, a rubuta, a yi masa jaje a tafi.

A kewayen gandun dajin Binuwai da Faro da Bouba Ndjida akwai yankunan farauta da ake bayarwa haya, mafi yawansu a hannun Turawa, kuma masu kuɗi suna zuwa daga nesa su biya miliyoyi don su harbi ɓauna ko gwanki. Wani kaso na kuɗin hayar an ce na ƙananan hukumomi ne da al'ummomin da ke kewaye. Abin da nake so in ga an yi shi ne a ware wani ɓangare na wannan kason a ajiye shi domin diyya kawai, a sa lamido da wakilan manoma cikin masu auna ɓarna, a kuma biya mutum kafin damina ta gaba ta kama, lokacin da yake neman kuɗin iri da taki.