Mako na bakwai: na zana gidajen da babu su a ƙasa

'Yan'uwa masu koyo, barkanmu da war haka. Yau mako bakwai da fara zanen taswirar Jidda a OpenStreetMap, taswirar intanet da kowa zai iya ƙara wa bayani, amma a wannan makon ko gini ɗaya ban ƙara ba, ɓarnar da na tafka da hannuna na zauna ina gyarawa.

Tun da na koma amfani da JOSM, manhajar kwamfuta ta zana taswirar, nake jin ana cewa kada ka tura aiki sai ka tantance shi. Daren Talata, bayan na rufe shago, na danna Shift da V, maɓallan tantancewa, a kan aikina na baya. Sai ga gargaɗi reras: gini ya hau kan gini, ɗigo biyu a wuri guda, layin da na ja ban faɗi ko mene ne ba. Wanda ya fi ba ni kunya wani lungu ne da ya tsaya dab da babban titi bai taɓa shi ba. A ido sun haɗu, amma wurin manhajar da ke nuna wa direba hanya babu mahaɗa, sai ta zagaya da mutum. Jan alama kuskure ne, a gyara shi kafin a tura; mai ruwan ɗorawa kuwa a duba da kyau, don wani lokacin babu laifin komai. Gine-ginen da suka karkace, harafin Q ya miƙe musu kusurwa.

Na kuma lura hoton Bing da na Esri, wato hotunan tauraron ɗan'adam da muke bi mu yi zane, ba sa zama daidai da juna, sai ka ga titi ya goce da 'yan mitoci. Kafin ku ja ginin wani ku ce ya yi kuskure, ku fara daidaita hoton da sawun GPS.

Duk wannan mai sauƙi ne. Babbar ɓarnar kawuna ne ya gano ta. Yana shan shayi a gefena, ina nuna masa yadda na zana wani ɓangare na unguwar Sabil, gida-gida, kuma JOSM bai yi ƙorafi ko ɗaya ba. Ya sa tabarau ya ƙura wa allon ido, ya ɗora yatsa kan wani gida.

"Ɗan nan, ai nan muka zauna da mahaifinka. Yanzu fili ne fetal."

"Kawu, ga shi a hoto."

"To hoton naka na yaushe ne?"

Na yi shiru. Rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021 ya ci unguwanni da dama a Jidda, har da Sabil da Gulail da Karantina, inda Hausawa da yawa suka zauna shekara da shekaru. Ni da nake garin na san da haka sarai, amma da na zauna gaban kwamfuta sai na bi tsohon hoton tauraron ɗan'adam ido rufe. Manhajar JOSM tana duba ko zanenka ya zauna daidai ne, ba ruwanta da ko ginin yana tsaye.

Yanzu ina buɗe Wayback na Esri, ma'ajiyar tsofaffin hotunansu, in gwada hotunan shekaru daban-daban kafin in taɓa komai. Gidajen da na tabbatar an rushe na mayar da alamarsu demolished:building, domin kada wani ya zo da tsohon hoto ya sake zana su, kuma na rubuta dalili a bayanin canjin. Kada ku ce za ku leƙa Google Maps ku kwafo, dokar lasisi ta hana.

Sauran layuka biyu da na kasa tabbatarwa. Kawu ya ce ranar Juma'a bayan la'asar zai raka ni mu gani da ido, da sharaɗin ni zan biya kuɗin mota.