Agogon Kaka da ya ƙi faɗin sunan maƙerinsa

Ranar da muka zauna rabon gadon Baba, komai ya tafi daidai sai da aka zo kan agogon. Gida an san kuɗinsa, gona an sani, har keken ɗinki an yi masa kuɗi. Amma ɗan agogon nan mai gilashi gaba da baya da gefe da sama, wanda tsawonsa bai kai taƙi ɗaya ba, ga mariƙi a ka kamar na ƙaramar fitila, shi ya tsayar da malamin da ke rabon. Ya ce ba a raba abin da ba a san ƙimarsa ba. Goggo ta ce zinare ne, kuma ƙirar Ingila ne, tunda Baturen da Kaka ya yi wa akawu a zamanin cinikin gyaɗa shi ya ba shi da zai koma gida. Da yake ni ne mai yawan latsa waya a gidan, aka ce in bincika.

Kafin in fara binciken ma na yi ɓarna. Na ga jikinsa ya dushe, sai na samo man goge tagulla na dirje gefe ɗaya har ya yi ƙyalli. Da na kai wa maƙerin zinare, ya juya shi ya ce tagulla ce aka yi wa ruwan zinare, kuma ragowar ruwan da ya shekara ɗari a jiki ni na kankare shi da hannuna. Maganar zinare ta mutu ke nan, ni kuma na koma gida jiki a sanyaye.

Sai neman suna. Farar fuskarsa mai sheƙi irin na tangaran ba ta da komai sai lambobin Romawa. Na buɗe ƙofar baya na haska fitilar waya a kan farantin da ke riƙe da injin. Abin da na gani: kalmar “Hands” (wato hannuwan agogo) da 'yar kibiya, wata lamba mai alƙaluma huɗu, sai “Made in France” da ƙananan haruffa can ƙasa, datti ya kusa rufe shi. Faransa fa, ba Ingila ba. Turancin da ke jiki shi ya ruɗe mu shekara da shekaru, alhali abin da yake nunawa kawai shi ne kasuwar masu jin Turanci aka ƙera wa shi. Da na kasuwar Faransa ne, “Aiguilles” za a rubuta a wurin da Faransanci.

Wannan ɗan rubutu shi ya fara ba ni shekaru. Ingila ta yi dokar alamar kaya a 1887, Amurka kuma ta yi tata dokar haraji a 1890, wadda daga 1891 ta tilasta rubuta ƙasar da kaya suka fito. Saboda haka agogon Faransa mai ɗauke da sunan ƙasarsa da Turanci, galibi bayan wannan lokaci aka yi shi. Burin da na ci ya ragu nan take, domin na riga na karanta cewa fitaccen maƙerin agogo Abraham-Louis Breguet ne ya fara irin wannan agogon tafiya, har Napoleon ya sayi ɗaya a 1798, zuciyata kuwa ta fara lissafin miliyoyi.

Manyan maƙera suna da tambari, kuma na haddace su kamar mai shirin jarrabawa. Na Henri Jacot aku ne a kan sanda da haruffan H da J. Na Drocourt D da C ne da hoton ɗan agogo a tsakani. Na Duverdrey da Bloquel zaki ne. Kwana uku ina leƙen farantin nan da gilashin ƙara girma, har wani ƙarce ya fara yi mini kama da aku. Babu aku, babu zaki.

A nan na fahimci cewa tambayar ce tun farko ba daidai ba. Yawancin waɗannan agogunan ba mutum ɗaya ke yin su ba. Ɗanyen injin ana ƙera shi da yawa a Saint-Nicolas-d'Aliermont kusa da Dieppe, ko a masana'antar Japy da ke Beaucourt wajen iyakar Suwizalan. Wani ya yi gidan tagulla, wani fuska, wani ɗan injin sama mai bugawa, sannan a haɗa, sau da yawa a Paris. Mai kanti a Landan ma yakan sa sunansa a fuska, ko noti bai ɗaura ba. Kamar babbar riga ce: da masaƙi, da marini, da maɗinki, da mai aiki, da mabugi. In ka ce wa ya yi ta, wanne za a nuna maka? Lambar nan mai alƙaluma huɗu ma, in ba a san gidan da ya buga ta ba, ba ta ba da shekara. Amfanin da ta yi mini ɗaya ne: na same ta a ƙarƙashin gindin gidan, wato injin da gidansa tare suka taso.

Wanda ya fi taimaka mini wani dattijo ne mai gyaran agogo a bakin kasuwa, wanda bai taɓa jin sunan Jacot ba. Ya sa gilashinsa a ido, ya leƙa ta tagar sama inda ɗan zoben nan ke kai da komo, ya yi shiru.

“Ɗana, wannan zuciyar ba tasa ba ce.”

“Baba, ta yaya ka gane?”

Ya nuna mini ramukan noti guda biyu da ba komai a cikinsu, da yadda farantin saman ya fi sauran ƙarfen haske da sabunta. Wani ya taɓa cire na asali ya sa sabo. Daga baya na tabbatar wannan gyara ne da aka saba yi, musamman ga masu tsohon injin bugawa da ake kira silinda, wanda in ya cinye gyaransa ke da wuya. Agogon yakan fi kiyaye lokaci bayan haka, amma masu tara kayan tarihi suna rage masa kuɗi. Ya kuma ce in ƙirga wuraren murɗa makulli. Ɗaya ne, ban da na juya hannuwa. Sifirin ɗaya ke nan, babu ƙararrawa, babu maɓallin sama da ake dannawa ya maimaita bugun awa cikin dare. Murɗi ɗaya ya kai shi kwana takwas, iyakar aikinsa ke nan.

Na aika hotuna ga wani mai gyaran tsofaffin agogo a Ingila. Ya ce siffar gidan ita ake kira Corniche, wadda aka yi ta da yawan gaske, kuma shi zai sa shi tsakanin 1895 da yaƙin duniya na farko. Maƙeri kuwa, ya ce zai iya zato amma ba zai sa hannu a takarda ba. Wannan ya ƙara mini yarda da shi. Ya kuma gargaɗe ni da in daina duba kuɗin da 'yan kanti ke nema, in duba wanda aka saya a gidajen gwanjo. Na duba. Irin namu, marar suna, marar ƙararrawa, mai baƙuwar zuciya, ga akwatin fatarsa ya ɓata tun ban san kaina ba, da wuya ya wuce fam 200 na Ingila, sau da yawa ma bai kai ba.

Na kai wa malam wannan lissafi a rubuce, har da ɓarnar da na yi, na ce a cire ta daga rabona. Goggo ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, “To, kai da ka goge zinaren, ai dole ka ce babu.” Aka yi dariya, ban da ni. Da aka tambayi mai so a cikin magada, kowa ya kau da kai, sai ya faɗo a kasona. Yana kan kanta a ɗakina yanzu, gefe ɗaya na ƙyalli, uku a dushe, kuma duk Juma'a bayan an sauko nake murɗa masa makulli.