Tun 2007 'yan fim ɗin Hausa suke biyan bashin da ba su ci ba

Duk wanda ya yi wayo a Kano a 2007 ba sai an tuna masa ba. Wajen watan Agusta ne wani ɗan gajeren bidiyon tsiraici na wata jarumar fim ya fita, aka dinga tura shi waya zuwa waya ta Bluetooth, lokacin ba WhatsApp ba TikTok, Facebook ɗin ma ba kowa ya san da shi ba. Ni dai ba zan kama sunanta ba, wanda aka kama a baya ya isa haka. Abin da mutane suke mantawa shi ne bidiyon nan fa ba fim ba ne, ba darakta ba furodusa ba lokeshan, mutum biyu ne a ɗaki da waya. Amma yana shiga jaridu da gidajen rediyo da wajen wa'azi sai maganar ta tashi daga "wance ta yi kaza" ta koma "'yan fim sun yi kaza", shi ke nan aka yi musu kuɗin goro gaba ɗaya.

Abin da ya biyo baya ba ƙarami ba ne. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ɗauko Abubakar Rabo Abdulkarim daga Hisbah ta ba shi hukumar tace finafinai, aka dakatar da ɗaukar fim a Kano na tsawon wata 6, aka fito da sabbin ƙa'idoji masu tsauri, kotun tafi-da-gidanka ta shiga aiki. Adam A. Zango ya sha hukuncin wata 3 a wannan shekarar, marigayi Ibro ma an ɗaure shi a 2008, haka Hamisu Lamido Iyantama a ƙarshen 2008, sai da ya ɗaukaka ƙara sannan ya fito. Da yawa suka tattara kyamarorinsu suka koma Kaduna da Jos da aiki. To don Allah mai ɗaukar hoto da edita da mai kwalliya da yaron da ke riƙe fitila da matar da ke dafa wa 'yan lokeshan abinci, su me suka yi? Wata 6 ba aiki, ga haya ga iyali.

Ni a ganina dalilin da ya sa irin wannan tabo ba ya gogewa ba wai don mutane suna tuna labarin ba ne, a'a, yaran da suke zagin 'yan fim a Facebook yau wasunsu ma a 2007 suna goye a bayan uwarsu. Labarin ne yake barin jarida ya shige cikin doka da hukuma da bakin iyaye, ya zama "ai kowa ya sani", kuma abin da kowa ya sani ba wanda yake tambayar hujjarsa. Jarida ta buga nata na kwana biyu ta wuce wani labarin, mai gidan haya kuwa har gobe in ya ji ɗan fim ne sai ya ce an riga an kama ɗakin.

Akwai wani ɗan yayata da yake aikin editin, yaro mai natsuwa wallahi, fuskarsa ma ba ta taɓa fitowa a fim ba, kullum yana gaban kwamfuta. Ya je neman aure aka fara bincike, komai lafiya lau, da aka zo kan sana'a kawun yarinyar ya ce "Alhaji ku yi haƙuri, mu gidanmu ba a ba ɗan fim." Ba su ce ya yi wani abu ba fa. Ba su ma ga dalilin cewa ba.

Kar wani ya ce ina wanke su ne, a'a, akwai masu shashanci a cikinsu kuma su ma suna ba da ƙofa, wani rigimar da suke yi wa juna a soshiyal midiya ko maƙiyinsu ba zai yi musu ba. Amma wace sana'a ce babu? Mun sha jin an kama malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti da ta'asa, ban taɓa jin an rufe makarantu ko asibitocin jiha na wata 6 a kan haka ba.

Inda na tabbatar abin ya yi jijiya shi ne 2016, da gwamnatin Buhari ta ce za ta gina alkaryar finafinai a Kofa da ke ƙaramar hukumar Bebeji, aikin naira biliyan 3. Shekara 9 bayan wancan bidiyon, amma maganganun da aka yi a masallatai da Facebook kusan irin na 2007 ne sak, wai za a buɗe matattarar baɗala. Ko bulo ɗaya ba a aza ba, cikin ɗan lokaci gwamnati ta janye. Masu adawar nan kuma da yawansu da daddare iyalansu na gaban Arewa24 ko suna bin sabon shiri a YouTube, datar ma su suke saya musu.